Ƙafar Inna Ba Ta Shiga Hoto

Duk ranar hutun Auta, Inna kan zama 'yar gata a gidan nan. Tun da hantsi Anti, matar babban ɗanta, za ta shigo ɗakin baya da ruwan ɗumi da sabulu mai ƙamshi, ta wanke mata fuska, ta shafa mata mai, ta ciro mayafin nan mai ruwan toka daga ƙasan akwati ta yafa mata. Daga nan Babba ya kama ta ta hammata ɗaya, Anti ta kama ɗayar, su tallabe ta zuwa falo, su ɗora ta a kan kujerar da ba ta yage ba. Abu na ƙarshe shi ne bargo. Ko da ana zafin da ke fasa kai, sai Anti ta ninka bargon nan ta rufe mata ƙafafu tun daga cinya har ƙasa, ta cusa bakinsa ƙarƙashin kujera.

"Inna, ki saki fuska fa," in ji Anti. "Kar ya ga kin yi kicin-kicin ya ɗauka wani abu ne."

Babba ne ke riƙe wayar, kuma tasa ce. Yakan tsaya a gabanta ya ɗaga ta daidai fuskarta, ba ya bari ta sauka ƙasa da ƙirji. Can sai ga Auta a cikin gilashin, da hular aikinsa, ya rame, yana dariya idonsa na ruwa. Yana wata ƙasa mai nisa inda yake lodin kaya a wani ƙaton sito, kuma ran hutunsa kaɗai yake samun sukunin doguwar hira.

"Innata! Wallahi kin yi kyau. Ya ƙafar?"

Inna ta buɗe baki.

"Da sauƙi sosai," Babba ya riga ta. "Ai har ta fara bushewa. Ko ba haka ba, Inna?"

"An kai ta wurin likitan suga, Yaya? Na turo abin da za a kai ta tun tuni."

"An kai, an kai. Kai dai ka kwantar da hankalinka ka yi aikinka."

"Auta," in ji Inna, "tsaya ka ji. Ina so ka..."

Fuskar ta ɓace ɓat, gilashin ya yi baƙi.

"Kash! Sabis ya ɗauke," in ji Babba, yana girgiza wayar. "Kamfanin nan sai dai a bar su da Allah."

Inna ta bi wayar da kallo. Ba ta yi boko ba, ba ta san yadda murya ke bin iska ta tsallaka teku ba, amma idonta garau yake. Ta ga babban yatsan Babba a kan jan madannin nan kafin fuskar ta tafi. Kuma daga inda take tana jin samarin da ke jingine da katangar gidan suna ta kallon bidiyo suna ƙyaƙyata dariya, nasu bai tsaya ba ko na ƙiftawar ido. Wane irin sabis ne wannan da ya san uwa da ɗa, ya zaɓe su ya ɗauke, ya bar 'yan kallon ƙwallo? Ta haɗiye tambayar. Anti ta yaye bargon, ta ninke mayafin, aka mayar da ita ɗakin baya.

Akwatin waifai ɗin da ke ba gidan intanet dominta aka sa shi. Kafin Auta ya tafi, shi ya kawo ma'aikata suka ja waya tun daga fal ɗin titi, suka kafa farin akwati mai korayen fitilu a bangon ɗakinta, daidai saman gadonta. Ya saya mata waya mai gilashi, ya koya mata wuri ɗaya tak da za ta taɓa hotonsa ya fito. Shi ke biyan kamfani duk wata daga can. A farko kullum sai sun gaisa, ko da na minti biyu ne, ta nuna masa abin da ta ci, ya nuna mata gadonsa.

To, unguwar ta talakawa ce, gidan da ke da intanet a cikinsa ba a rasa ƙirga shi da yatsun hannu ɗaya. Data kuwa ta yi tsada, a saya da safe ta ƙare kafin la'asar. Ɗalibai masu aikin makaranta, masu neman aiki, 'yan acaɓa, matan da ke tallar atamfa ta waya, duk sai suka fara raɓewa a jikin katanga suna roƙon a ba su lambar shiga. Babba, da kasuwar kayan gyaran keke ta daɗe da juya masa baya, ya duba ya ga ga kasuwa ta zo har ƙofa. Ya fara sayar da lambar.

Sai kuma Inna ta taka ƙusa a tsakar gida, ita da ke fama da ciwon suga. Nan aka samo dalili.

"Inna, ɗakin baya ya fi kusa da banɗaki," in ji Babba. "Ga ƙafar nan, bai kamata ki riƙa doguwar tafiya ba. Na ɗan lokaci ne."

Har godiya ta yi masa, Allah sarki. Kafin mako ya zagayo an fitar da gadonta, an jera benci a ɗakin, an fasa ƙofa ta waje, an kawo firiza da ƙaramin janareta da allon cajin waya. An ciro akwatin daga bango an rataye shi a jikin taga, yana fuskantar titi. Ɗakin baya kuwa, can bayan kicin yake, bango uku ne tsakaninsa da akwatin. Tun ranar da ta kwana a ciki, ta taɓa hoton Auta ta gaji, sai dai wani ɗan zobe ya yi ta juyawa.

Ta tambaya. An ce hadari ne ya haɗu. Da gari ya washe ta sake tambaya, aka ce kamfani na gyara. Da ta kuma tambaya, Anti ta karɓi wayar ta juya ta gaba da baya, ta taɓe baki.

"Inna, wayar nan taki ta cika ne. Irin waɗannan ba sa jimawa. Ki bari in Auta ya zo ya sayo miki wata."

"To a mayar da ni gaba mana, ko a kan benci ne, in gwada a can."

"Haba Inna! Cikin ƙartin maza? Me mutane za su ce?"

Ƙafar kuwa tana ta cin gabanta. Wurin da ƙusar ta shiga ya yi baƙi, baƙin ya haura babban yatsa, ya kama na kusa da shi. Da farko zafi ne ke hana ta sukuni. Daga baya zafin ya ragu, abin da ya fi tsorata ta ke nan, domin tana matsa yatsun ba ta jin komai. Babba ya kawo ruwan wanke ciwo da bandeji daga kemis, ya ajiye a bakin ƙofa. Ita ke wankewa da kanta, ta naɗe. Ƙudaje suka gane ɗakin. Anti ta fara kawo abinci tana toshe hanci da gefen ɗankwali, ta dire kwano ta juya kafin a ce mata an gode.

"Babba, asibitin nan fa?"

"Ana shirin, Inna. Likitan ne ya yi tafiya."

Wani makon kuma layi ne ya yi yawa. Wani makon ma'aikata ne ke yajin aiki. Inna na kwance tana jin gurnanin sabon janareta, tana ta saƙe-saƙe a ranta. Yaushe Babba ya samu abin sayen firiza, shi da ko cefane sai an yi faɗa? Ba ta so ta kai tunanin ƙarshensa, domin ɗanta ne, ita ta goye shi. Amma tunanin da kansa yake kai kansa.

Wata rana Mai Kitso ta leƙo. Maƙwabciya ce, bazawara mai 'ya ɗaya, da ta saba zuwa ta yi wa Inna kitso su sha hira. Tun daga bakin ƙofa ta tsaya cak.

"Innalillahi! Inna, wani abu ne ya mutu a ɗakin nan?"

"Ni ce, 'yar nan. Shigo ki rufo ƙofa."

Mai Kitso ta kwance bandejin a hankali. Da ta ga abin da ke ciki sai ta juya fuska, ta daɗe ba ta juyo ba.

"Auta ya ga wannan?"

"Fuskata kaɗai yake gani. An ce wayata ta lalace."

Mai Kitso ta ɗauki wayar ta latsa nan, ta latsa can. Ta yi tsaki.

"Wace lalacewa? Wayar nan ƙalau take, ta fi tawa lafiya. Lambar shiga ce aka canza. Ai duk mako Babba yake canza ta, don duk wanda bai biya ba ya faɗo. Ke tsohuwar lambar ce a taki tun ta farko. An zubar da marasa biya, aka zubar da ke tare da su."

Inna ta sunkuyar da kai. Sai ta ji kunya ta rufe ta, kamar ita ce ta yi laifin.

"Ke kina da sabuwar?"

"Ina fa! Ni ma a waje nake wannan makon, kitso ba ya tafiya. Yarinyata ga jarrabawa a gaba, malamansu komai ta waya suke turowa, sai dai ta bi ƙawaye tana leƙe. Amma ki bari, jibi zan yi wa wasu kitso, in na biya zan zo in sa miki a taki. Sai dai ba ya kawowa nan. Dole ki daure ki kai ko bakin kicin ne."

Ashe Anti na kicin ɗin, ta kashe famfo tana saurare. Da jibin ta zo, Mai Kitso ta je da abin biyanta a hannu, Babba ya ce ba zai sayar mata ba, ba ya hulɗa da masu shiga gidan mutane suna haɗa uwa da ɗa. Ya ce kuma kar ya ƙara ganin ƙafarta a gidan. Inna ta ji hayaniyar ta taga. Ta ji Mai Kitso na cewa, "Yarinyar me ta yi maka? Jarrabawa gare ta!" Ta ji an buga ƙofa. Ranar ko abinci ba ta taɓa ba don baƙin ciki. Ta jawo wa yarinyar Mai Kitso asara a banza.

Tun daga nan gidan ya zama na sa-ido. In Inna ta yi motsi za ta banɗaki, sai ta ga Anti ta ɓullo da tsintsiya tana sharar inda babu datti. In ta ɗauki wayarta don ta kalli hoton Auta kawai, sai a tambaye ta wa take nema. Rannan ta farka daga barcin rana ta tarar babu cajar a bango. Aka ce wani kwastoma ne ya ara. Ba a dawo da ita ba, wayar ta mutu.

Da ta ga haka, sai ta aika a kira mata Babba. Ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa, yana numfashi ta baki.

"Shigo ka zauna."

"Akwai mutane a gaba, Inna."

Ta sa hannu ta cire 'yan kunnenta, na azurfa ne da suka yi duhu don tsufa, ta miƙa masa a tafin hannu.

"Ungo. Na ji sayarwa kake yi. Ka sayar mini na mako ɗaya, yadda kake sayar wa 'yan acaɓa."

Babba ya ja da baya kamar ta miƙo masa garwashi.

"Subhanallahi! Inna, so kike ki ja mini baki? Ni zan karɓi kuɗinki?"

"Ka hana ni kyauta, ka hana ni da kuɗi. To da me ake samu?"

Sai ya shigo, ya tsuguna a gabanta, ya sassauta murya. Babba ya iya magana, tun yana yaro haka yake, in ya fasa kwano sai ya sa ka ba shi haƙuri.

"Inna, ki yi tunani. Yaron nan takardar aikinsa a hannun ubangidansa take. In ya ga ƙafar nan, kin san halinsa, ajiye aikin zai yi ya taho, kuma ba za su sake ɗaukarsa ba. Bashin tafiyar ma bai gama biya ba. Mu duka da shi muka dogara. So kike ki kashe masa rayuwa a kan ciwon da zai warke?"

"Abin asibitin da ya turo fa?"

Ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma.

"Juya shi na yi. Ba ci na yi ba, wallahi, juyawa na yi. Firizar nan da kike ji, ita za ta fitar da kuɗin asibitin har da riba. Ki ba ni ɗan lokaci kaɗan. Ni ma fa ɗanki ne, Inna. Kowa Auta, Auta. Ni da nake nan ina ɗauke da ku, ba wanda ke gani."

Maganar ta shige ta, ba ƙarya. Bayan ya fita ta daɗe tana juya ta. In Auta ya rasa aikinsa saboda ita, da wane ido za ta kalle shi? Kuma wace uwa ce ke tona asirin babban ɗanta a gaban ƙaninsa? Saboda haka da ranar hutu ta zagayo, aka wanke ta aka rufa mata bargo, Auta ya ce ya ƙafa, ita da bakinta ta ce, "Da sauƙi." Har Anti ta ƙara mata nama a miya a ranar.

Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya sauko mata. Baƙin ya wuce yatsu ya kama tafin ƙafa, ƙaurin ya kumbura yana sheƙi. Tana rawar sanyi da tsakar rana. Wani lokaci takan ga kamar mahaifin yaran, da ya daɗe da rasuwa, yana tsaye a bakin ƙofa. In hankalinta ya dawo sai ta gane abu guda sarai: firizar nan ba za ta riga ciwon nan ba. Kuma ta gane ba Auta ake karewa da bargon nan ba.

Ranar hutun da ta biyo baya ta jira ruwan ɗumi, shiru. Ta jira mayafi, shiru. Ta ji Anti da Babba suna ƙus-ƙus a bakin kicin.

"Ba za ta zaunu a kujera ba. Ka ga idonta kuwa? Yana gani zai gane."

"To a ce tana barci."

Jim kaɗan ta jiyo muryar Auta daga falo, siririya, tana tambayar ina Innarsa. Ta ji Babba ya yi dariya.

"Ta sha magani ta kwanta. Likita ya ce a bar ta ta huta. Ka san tsufa."

Inna ta kira sunansa. Muryar ko ƙofa ba ta kai ba. Ta yunƙura za ta tashi, ƙafar ta ƙi. Sai ta zame daga katifa zuwa ƙasa, ta dafa hannu biyu a baya, ta fara jan gindi.

Ba ta nufi falo ba. Ta san abin da ke jiran ta a can, babban yatsa ne a kan jan madanni. Ta bi ta ɗan lungun da ke tsakanin kicin da katanga, inda ake zubar da ruwan wanke-wanke, wanda ke fita ƙaramar ƙofar gefe. Siminti ya ɗauki zafin rana yana ƙona mata tafin hannu. Bandejin ya kama wani ƙarfe ya warware, ta bar shi a nan. Ɗankwalinta ya faɗi, ba ta koma ta ɗauka ba. Matar da ko bakin ƙofa ba ta taɓa leƙawa ba babu mayafi, yau ga ta da furfura a waje tana jan jiki cikin ruwan datti. Ta kai ƙofar, ta miƙa hannu ta zare sakata, ta tura.

Suna nan jere a inuwar katanga, kowa ya sunkuya a kan wayarsa: ɗalibai da littattafai a cinya, 'yan acaɓa a kan baburansu, mai tallar atamfa, wani dattijo mai neman aikin gadi. Wari ne ya fara sa su ɗago kai. Wata ɗaliba ta yi ƙara ta toshe baki.

Inna ta jawo ƙafar da hannu biyu ta ajiye ta a gabansu, a fili, cikin rana.

"Bayin Allah," ta ce, tana haki, "a cikinku wa ya san Autana?"

Aka kalli juna. Sai wani bakanike da suka yi makaranta tare da Auta ya sauko daga kan benci, hannunsa duk baƙin mai.

"Ni, Inna. Ina da lambarsa."

"Akwatin nan da kuke sha, shi ke biya. Domina ya sa shi. Ban ce ku tashi ba, ku sha, Allah ya amfana. Amma ka ɗauki hoton ƙafar nan ka tura masa. Kar ka ɗauki fuskata, ya gaji da ganinta."

Bakaniken ya ɗaga wayarsa ya ɗauka. Wasu ma suka ɗaga nasu wayoyin, wanda aka sa da wanda ba a sa ba. Mai Kitso ce ta keto taron a guje daga ƙofar gidanta, ita ba ta tsaya ɗaukar hoto ba, ta cire mayafinta ta rufa wa Inna a kai, ta rungume ta tana kuka tana zagin masu ɗauka.

Tagar falo a buɗe take. Ana jin Babba yana ba Auta labarin yadda kasuwa ke tafiya, yana dariya. Bakaniken ya ce, "Ya shiga. Ya buɗe." Dariyar ta ɗan ci gaba, sannan ta tsaya. Abin da aka ji bayan nan muryar Auta ce, ta cika falon ta fito har titi, ba a ma gane abin da yake faɗa, sunan Yaya kawai ake tsinta a ciki.

Bakaniken ne da wani ɗan acaɓa suka tare mota suka kai ta asibiti, Mai Kitso na riƙe da kanta. Likitan da aka ce ya yi tafiya yana nan, bai je ko'ina ba, kuma bai taɓa ganin Inna ba sai ranar. Ya duba ƙafar ya dubi Babba, wanda ya iso daga baya yana share gumi.

"Da kun kawo ta tun ciwon na yatsa, da yatsan kaɗai za mu cire. Me kuke jira?"

"Ƙaddara ce, likita," in ji Babba.

Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Auta bai samu zuwa ba. Ubangidansa ya ce in ya tafi ya tafi ke nan, Inna kuma ta aika masa ta bakin bakaniken cewa in ya bar aikinsa ba ta yafe ba. Kwanakin da ta yi a asibiti ba ta cikin hayyacinta sosai, saboda haka duk abin da Auta ya sani game da aikin da aka yi, daga bakin Babba ya ji shi.

Ranar da aka sallamo ta, ta tarar an fitar da bencina, an toshe ƙofar waje, an mayar da gadonta ɗakinta na da. Ba tuba ce ta kawo haka ba, unguwa ce ta daina zama a katangar, kowa ya ga bidiyon. Mai tallar atamfa ta koma sayen data, ɗaliban suka koma leƙen wayar ƙawaye. Farin akwatin ya dawo saman gadon, fitilunsa kore shar. An nemo cajar da kwastoma ya ara, har an sa mata sabuwar lamba a wayarta.

"Ga shi nan, Inna, an mayar miki," in ji Babba. "Sabis cike. Dama na ce miki na ɗan lokaci ne."

Ta ce a kira mata Mai Kitso, a ba yarinyarta lambar, ta zo ta zauna a ɗakin ta yi karatunta duk lokacin da take so. Mai Kitso ta yi godiya, ta ce ai an riga an yi jarrabawar, sai dai ko baɗi.

Ranar hutun Auta ta zo. Da hantsi sai ga Anti da ruwan ɗumi da mayafi mai ruwan toka. Hannu ya riga ya saba: ta ninka bargo ta shimfiɗa mata daga cinya zuwa ƙasa, har tana ɗan tattara shi a gefen hagu don ya yi tudu. Babba ya shigo da wayarsa, ya tsaya a gabanta, ya ɗaga ta daidai fuska.

"Na gaya masa ɗan aiki aka yi, an cire abin da ya lalace," ya ce ƙasa-ƙasa. "A bar shi a haka tukuna. Kin san halinsa."

"Ajiye taka," in ji Inna. "Miƙo mini tawa."

"Inna, hannunki na rawa, bari in riƙe..."

"Na ce miƙo mini. Ku koma bakin ƙofa, ku biyun."

Ta taɓa wurin nan guda da aka koya mata. Zoben bai ko juya ba, sai ga Auta, idanunsa sun faɗa, bai sa hular aiki ba.

"Innata. Sannu, Innata. Ya ƙafar?"

Babba ya buɗe baki daga bakin ƙofa. Ta dube shi, ya rufe.

"Auta, ka daɗe kana wannan tambayar, wasu na amsa maka. Ni ma na taɓa amsa maka da ƙarya, ka yafe mini. Yau ka duba da idonka."

Ta sa hannun hagu ta yaye bargon ta jefar da shi ƙasa. Sannan ta karkata wayar a hankali, ta wuce ƙirji, ta wuce cinya, ta wuce gwiwa, ta tsayar da ita a inda farin bandeji ya ƙare, zanin gado ya ci gaba shi kaɗai. Ta riƙe ta a nan da hannu biyu. Auta ya yi ta kuka a cikin wayar, Babba na tsaye yana kallon akwatin da ke bango, sabis kuwa bai ɗauke ba.